Kaɗanyar da Ta Yi Shiru

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Laraba aka bugo wa Sufeto Hamadun Sidibe waya daga unguwar Yirikoro, can gefen birnin Bobo. Wani tsoho mai gyaran keke, Arjuma Tarawele, ya faɗi matacce a bakin rumfarsa, kumfa a baki, guntun burodi a hannu. An kuma kwashi wata mai ciki zuwa asibiti tana ta shure-shure.

Watan Agusta ne, lokacin shitumu, tsutsar nan ta kaɗanya da mu mutanen Bobo muke jira shekara guda cur. Wanda bai taɓa ci ba ya yi ta yatsina fuska, shi ya so. Sufeto Sidibe yana cikin masu yatsinar, don shi Bafulatani ne, kuma tsakanin Fulani da ƙabilar Bobo wasa ne tun kaka da kakanni. Su ce mana maciya tsutsa, mu ce musu masu warin nono, kowa ya kama gabansa.

Da safen nan dai babu wanda ya yi masa wasa. Da ya sauka daga mota shi da Sajan Kambu, mataimakiyarsa, jama'a sun yi wa wata mai suyar shitumu zobe, wasu har da duwatsu a hannu. Wani gajeren dattijo mai farar riga ne ya tsaya a gabanta yana ɗaga hannu.

"Kada wanda ya taɓa ta! Ga hukuma ta iso." Ya juyo wurin Sufeto. "Ni ne Kalifa Sanon, shugaban kwamitin tsaftar unguwa. Ku tafi da ita kafin su yi ɓarna."

Ana cikin ɗaukar gawa wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan asibiti ne.

"Sufeto, gubar feshi ce, wannan babu shakka. Amma iri-iri ce, kuma allurar da ke ceton wanda ya sha wannan tana iya ƙarasa wanda ya sha waccan. Lalube nake yi. In na aika jini Wagadugu, kwana uku ne. Yarinyar nan, Salimata, cikinta wata bakwai, ban ce za ta kai la'asar ba. Ka samo min sunan maganin."

Sufeto ya dubi agogo.

Ya sa aka shigar da mai suyar cikin rumfarta, aka saki labule. Sunanta Korotimi Millogo, kuma Salimata 'yarta ce.

"Inna, su wa suka ci?"

"Kaskon farko ne, ɗana. Arjuma kullum shi ke buɗe min kasuwa. Sai Salimata, ita da cikin nan ya sa mata kwaɗayinsa."

"Ina kika samo tsutsar?"

"A daji. Hanyar tsohuwar gada."

"Da ƙarfe nawa?"

"Da sassafe."

Sufeto ya tsuguna gaban robar da ta wanke tsutsar. Ruwan yana nan ba a zubar ba. Ya sa tsinke ya dama, sai ga ɓawon ƙwai ya taso, ga ɓawon albasa, ga ganyen shayi.

"Inna, a dajin naku kaɗanya har shayi take sha?"

Ya yar da tsinken, ya miƙe.

"Ba sata nake bincike ba. Likita na jiran sunan maganin da ya taɓa tsutsar nan. In ban san inda ta fito ba, 'yarki ba za ta kwana ba."

Korotimi ta ɗora hannu a ka, ta fashe da kuka. Ashe tana cikin matan da kwamiti ya ɗauka suna juya ramukan taki.

Dokar Yirikoro uku ce, an rubuta ta da shuɗin fenti a bangon makaranta, ko makaho ya haddace ta. Ba a ƙona ganye. Kowane gida ya haƙa ramin taki, sharar tsakar gida da ɓawon girki su shiga can. Ba a feshi a cikin gida daga saukar damina har tsutsa ta gama. Gobe Alhamis kuma baƙi ke zuwa daga ofishin magajin gari su ga yadda unguwar ke tafiyar da abin, shi ya sa aka ce duk a juya ramuka kafin su zo.

"Gida biyu na yi yau," in ji Korotimi. "Gidan Lasina mai burodi da gidan Shugaba. Ka san in tsutsa ta sauko, ƙasa mai laushi take nema. Na same su a kan ramukan suna rarrafe, na tsince. Ban tambayi matan gida ba, kuma tsutsar bishiyar gida ta matar gida ce. Kunya ce ta sa na ce daji."

"Ba ki ji wari ba?"

"Na ji. Na ce ko warin rami ne. Na wanke sau biyu, na dafa da kanwa, kafin in soya."

"A wane gida kika ji warin?"

"Wallahi duk roba ɗaya na haɗa su. Amma ai Shugaba ba zai yi feshi ba, shi ne dokar. Lasina ne aka taɓa cin sa tara bara."

Sufeto ya sa ɗan sanda ya kai ta asibiti wurin 'yarta. Shi da Sajan Kambu suka nufi gidan burodi, sha biyu saura.

Lasina Kulibali ƙaton mutum ne, in zai shiga ƙofar gidansa sai ya sunkuya. Suka same shi gaban tanda yana fitar da burodi, gumi na zuba.

"Kana da injin feshi?"

"Ni? Tun da aka ci ni tara na sayar da shi."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani ne, ɗan ƙauye. Ban riƙe sunansa ba."

Sajan Kambu ta zagaya bayan tarin itacen tanda. Ba ta daɗe ba ta fito riƙe da injin nan na goyo, tana kau da fuska saboda wari.

"Ɗan ƙauyen ya manta bai tafi da shi ba, yallaɓai."

Lasina ya yi tsuru-tsuru. "To, nawa ne. Amma rabona da shi tun bara, na rantse."

Suna tsaye a gindin kaɗanyar gidan. Wani abu sai zubowa yake yi a kan hular Sufeto, tif, tif, tif, kamar yayyafi. Ya cire hular ya kaɗe, fuska a yamutse.

"Kashin tsutsa ne, yallaɓai," in ji Sajan. "A watan nan bishiyar da ke da rai ba ta yin shiru. Wannan ba a fesa mata komai ba."

Sufeto ya karɓi injin ya juya shi. Maɗaurin kafaɗa a jiƙe yake, kuma an zuge shi har ƙarshe.

"Goya shi mu gani."

Lasina ya gwada. Hannu ɗaya ma bai shiga ba.

"Gaskiya ka faɗa, ba kai ka goya shi ba. Wa ka ara wa?"

"Sufeto, kai an jima za ka shiga mota ka tafi. Ni a unguwar nan zan ci gaba da zama, tandata kuma hayaƙi take yi, kullum da alfarma nake kunna ta."

"Akwai yarinya a asibiti tana mutuwa."

Lasina ya juya ya koma wurin tandarsa. Ƙaton banza! Sufeto bai tsaya ɓata lokaci ba, don a unguwar nan mutum ɗaya ne ke ba da alfarmar hayaƙi, wato shugaban kwamiti, kuma da safe ya ga gajartarsa, daidai da maɗaurin injin.

Gidan Kalifa Sanon kuwa, kai, ko a hoto sai haka. An shafe bango da farar ƙasa, an jera duwatsu a gefen hanya an yi musu fenti, tsakar gida fes kamar an lashe. An jera kujerun baƙin gobe a gindin wata babbar kaɗanya. Dattijon ya fito da murmushi, yana gyara wuyan riga.

"A'a! Bawana ne da kansa? Wa ka bar wa shanun?"

"Na bar su wurin ubangidanka, macin tsutsa," in ji Sufeto, don ko ana cikin tashin hankali ba a ƙin amsa wasa. Amma bai yi dariya ba. "Baba, wane aiki ka yi kafin ka yi ritaya?"

"Malamin gona. Shekara talatin da ɗaya a gonakin auduga."

"Ka san maganin feshi ke nan."

"Na san shi, shi ya sa na hana shi. Ni na rubuta dokar nan da hannuna."

"Korotimi ta juya raminka yau?"

Murmushin ya ɗan tsaya. "Ranarta Asabar ce."

"Kai ka ce a juya duka kafin baƙi su zo."

"Haka ne... haka ne. Na fita masallaci, wataƙila ta shigo."

Sufeto ya je gindin kaɗanyar ya cire hula, ya tara ta kamar mai bara. Ya tsaya. Minti ɗaya, biyu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Gidan tsit, sai kukan kaji daga wani keji da aka kulle da kwaɗo.

"Baba, bishiyarka ta yi shiru."

"Bana ba su hau ta ba."

"To wa ya cinye rabin ganyen, ni? Kuma me ya sa kajinka ke kulle da rana tsaka?"

"Kada su ɓata wurin baƙi."

Ramin takin yana bayan madafa, an kewaye shi da bulo, har da allo mai bayanin yadda ake jera ganye da toka. Ramin taki a watan Agusta, ai ƙuda da tururuwa ba sa barinka ka matso. Wannan babu ko ɗaya. Wani ƙadangare yana kwance a bakin bulo, ciki sama.

Sajan Kambu ta ɗaura hankici a hanci, ta ɗauki shebur. Ta yaye ganyen sama, sai ga tsutsa tuli, baƙi ƙirin, a mace, sun kai cikin buhu. Warin ya buge su har ido na yaji. A ƙarƙashin tulin shebur ya daki ƙarfe. Gwangwani ne mai murfi, tsoho, an kankare takardar jikinsa tas da wuƙa.

Sufeto ya juya shi ta kowane gefe. Babu ko harafi ɗaya.

"Mene ne sunansa, Baba?"

"Ina zan sani? Jefo min shi aka yi ta katanga. Maƙiyan dokar nan suna da yawa, so suke su kunyata ni gaban baƙi."

"Su suka share maka tsakar gida kuma? Su suka rufe da ganye?"

"Ni dai ban san komai ba. Ka kai ni kotu in kana so."

Wayar ta sake ƙara. Biyu da rabi.

"Sufeto, numfashinta yana ƙasa," in ji likita. "Mun sa mata iska. In na yi allurar kuskure, ni na kashe ta. Ka samu?"

"Ina tsaye gaban wanda ya sani."

Sufeto ya kashe wayar. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da ji tun yana sabon shiga aiki. Ofis da takardar tuhuma da lauya, duk wannan sai gobe, kuma gobe gawa za a kai wa alƙali. Ya dubi dattijon, ya ga ya haɗe baki, hannuwa a baya, kamar mai jiran a ɗauki hotonsa. Mutane kuma sun fara leƙowa ta ƙofa da saman katanga.

Sai Sufeto ya miƙa wa Sajan bindigarsa da hularsa. Ya kwance takalmi. Ya taka bulo ya dira cikin ramin, ya zauna daɓas a kan ganyen.

"Yallaɓai!" in ji Sajan.

Cikin masu leƙe babu ɗan Bobo da bai gane abin da ya gani ba. In dattijonmu ya rasu, Bafulatani ne ke faɗawa cikin kabari ya ce ba za a rufe bawansa ba sai an roƙe shi, kuma babu mai ikon fizgo shi. Abokin wasa yana iya zaginka har uwa da uba a gaban surukanka, ka yi dariya. Amma ka zama sanadin ransa, gidanka ya ƙare, babu mai aurar 'ya'yanka, babu mai zuwa jana'izarka.

"Hamadun, fito daga nan," in ji Kalifa. Muryarsa ta sauya. "Wannan ba wurin wasa ba ne."

"Au, yau kai ke cewa ba a wasa? Shekara nawa kuna yi min gori wai ban san daɗi ba? To yau zan ɗanɗana."

Ya sa hannu ya tsamo tsutsa guda, ƙatuwa, a jiƙe sharkaf.

"Ka ce ba ka san maganin ba. Shi ke nan. Zan faɗi a gidanka, a cikin raminka, a gaban maƙwabtanka. Likitan da ya kasa ceton Salimata zai kasa cetona. Gobe in baƙinka sun zo, ka nuna musu inda ɗan Fulani ya mutu a gidan Sanon."

"Kai mahaukaci ne? Ajiye!"

"Sunansa, Baba."

"Na ce ban—"

Sufeto ya buɗe baki ya jefa tsutsar a ciki.

Kalifa Sanon ya kurma ihu. Ya zube a bakin ramin da farar rigarsa, ya damƙi haɓar Sufeto da hannu biyu. "Tofar! Tofar, don Allah, kada ka haɗiye!" Sai sunan ya fito, wani dogon suna na Faransanci mai lamba a ƙarshe. Ya faɗe shi sau uku, har yana jera haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Sajan Kambu tuni ta buga wa likita, tana maimaita masa. Sufeto ya tofar, ya fito da rarrafe, ya yi ta kurkure baki da ruwan buta yana kakarin amai.

Dattijon bai tashi daga ƙasa ba. Maganar ta riƙa fita da kanta.

"Na auduga ne. An hana shi tun ina aiki, na ajiye gwangwani ɗaya. Tsutsar nan ta cika min gida da kashi, in share da safe, kafin azahar ya koma baƙi. A gindin bishiyar nan baƙi za su zauna. Na ce sau ɗaya ne kawai. Jiya da yamma na aro injin Lasina na fesa, suka yi ta zubowa."

"Me ya sa ka zuba su a rami?"

"In kai su ina? In na ƙona, hayaƙi zai tashi daga gidan shugaba, kowa ya gani. In na ba mai amalanken shara, ni na koya masa ya riƙa buɗe buhu yana dubawa. Rami kaɗai doka ta bar min. Na wanke injin, ruwan ma nan na juye." Ya share fuska. "Na manta da bakina na ce matan su zo kafin Alhamis."

"Da safe fa? Kana tsaye ana ɗaukar Arjuma."

"Na ce ko likita zai gane da kansa. Na yi ta cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa. Sai in tuna sunana a bangon makaranta."

Wallahi da za a ce ya yi ne don ƙiyayya, da abin ya fi sauƙin haɗiya. Kujerun baƙi ya duba, da fentin duwatsu, aka rasa mutum guda, ga na biyu a bakin hanya.

Sajan ta sa masa ankwa. Sufeto ya sa aka tara ganye da tsutsar a buhuna, aka kulle, aka kewaye ramin da igiya. Ba su iya tafiya ba, su duka ukun sai kallon wayar suke yi. Aka kira la'asar. Aka idar.

Huɗu da minti goma ta yi ƙara. Sufeto ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Uwar ta dawo," in ji likita. "Ta buɗe ido, tana numfashi da kanta."

Wata mata a saman katanga ta rangaɗa guɗa. Kalifa ya ɗaga hannuwansa masu ankwa sama.

"Cikin fa?" in ji Sufeto.

"Bai jira ba. Wajen ƙarfe ɗaya zuciyarsa ta tsaya. Da tun safe na samu sunan nan, da wata maganar muke yi. Ga mahaifiyarta, ta matsa sai ta yi magana da kai."

Guɗar ta yanke. Muryar Korotimi ta fito daga wayar, a dishe.

"Ɗana, na gode, Allah ya saka. Ta farka. Tambayata take yi wai me ya sa ba ta jin motsi. Likita ya ce ni zan gaya mata. Me zan ce mata, Sufeto? Da hannuna na zuba mata. Ta ce ta ƙoshi, na ce ta ƙara saboda yaron."

Kalifa ya matso kusa da wayar.

"Korotimi, ni ne. Ni ne, ba ke ba. Ki ce mata Kalifa ne."



"Na ji ka, Shugaba," in ji ta. "Amma ba hannunka ta gani ba."

Ta kashe wayar.

Sajan Kambu ta kama dattijon a gwiwar hannu. Jama'a suka dare musu hanya, babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗaga dutse. Sai da Sufeto ya tallafe shi ta ɗaya gefen kafin ya iya shiga motar.